Daga Kurna zuwa ɗakin gwaji: matakan da na bi kafin a yarda in koyi tuƙin jirgin soja

Gidanmu a Kurna yake, ta hanyar Katsina, kuma duk wanda ya tashi a wannan ɓangaren na Kano ya san ƙarar jirgi kamar yadda ya san muryar ladanin layinsu. Na fasinja muryarsu da nauyi take. Na sojan sama kuwa, ƙananan nan L-39 da ake koyar da matuƙa da su, in sun tashi atisaye kafin ka ɗaga kai sun yi nisa. Tun ina firamare nake cewa irinsu zan tuƙa, amma har na gama sakandare ban samu wanda ya zaunar da ni ya ce ga ƙofar da ake shiga ba. Na ɗauka akwai wani fom na musamman da ake saya mai suna fom ɗin matuƙa. Wani ya ce in tafi kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, ashe ita ta farar hula ce. Wani ya ce in cike fom ɗin kuratan sojan sama, ashe wannan hanyar ƙananan sojoji ce, ba ita ke kai mutum kujerar matuƙi kai tsaye ba. Sai da na tako da ƙafata har ƙofar barikin sojan sama, wani soja da ke gadi ya saurare ni ya ce, "Yaro, matuƙi hafsa ne. Ka nemi NDA ta Kaduna, ka zaɓi sojan sama, sauran magana sai ka shiga." NDA ita ce makarantar horar da hafsoshin soja. Wata shida na ɓata kafin in ji wannan jimla guda.

A 2017 na fara gwadawa. Sharuɗɗan da aka buga a lokacin ba su da wuyar ganewa: shekara 17 zuwa 21, kiredit biyar har da Turanci da lissafi a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba, tsawon namiji kada ya gaza mita 1.68, sannan ka yi JAMB ka sa NDA a zaɓin farko. Fom ɗin JAMB naira 5,000 ne a lokacin, sai a 2019 aka rage shi zuwa 3,500. Na NDA daban ake cikewa ta intanet, a biya ta Remita, kuma bai kai dubu biyar ba. Mai shagon intanet ya karɓi nasa, mai hoto ya karɓi nasa. Ana cikin haka wani mutum ya zo rumfar Baba a kasuwar Dawanau, da babbar riga da ƙamshin turare, ya ce yana da hanya, a ba shi dubu ɗari biyu sunana zai fito ko ban rubuta komai ba. Raina ya biya, ba zan ɓoye ba. Baba ya dube shi ya ce, "Malam, in yaron nan ya shiga da kuɗi, ranar da jirgi ya rikice masa a sama wa zan biya ya sauko da shi?" Mutumin ya tashi yana ƙunƙuni. Daga baya muka ji ya karɓe wa mutum uku kuɗi a unguwanni daban-daban ya ɓace.

Ranar jarrabawar shiga na isa cibiyar tun bayan asuba, na tarar da layi har ya zagaye katanga. An tantance takardunmu ɗaya bayan ɗaya, ba mu zauna ba sai da rana ta ɗaga sosai, ga yunwa don ban karya ba. Tambayoyin Turanci ne da lissafi da al'amuran yau da kullum, sai darussan kimiyya ga irinmu. Babu wadda ta fi ƙarfina in da a gida aka ba ni in yi a tsanake. Lokaci ne ya kashe ni. Na maƙale wa wata tambayar lissafi guda kusan minti biyar don raina bai yarda in bar ta ba, da aka ce a ajiye alƙalami kuwa akwai sama da tambaya ashirin da ko kallonsu ban yi ba. Da jerin sunaye ya fito, jiha-jiha ake bugawa, na bi na Kano daga sama har ƙasa sau uku a wayar yayana. Babu ni. Kwana biyu ban fita ba. Umma ce ta shigo ta ce, "Shekararka goma sha takwas. Saura maka uku. Tashi ka ci abinci."

Shekarar da ta biyo baya ita ce ainihin shirina, kuma wanda ya tsara mini ita wani tsohon soja ne a layinmu da muke kira Baba Saje. Shi bai taɓa tuƙa jirgi ba, amma ya ga yara da yawa sun tafi Kaduna sun dawo. Abin da ya fara sa ni shi ne in kwaso duk takarduna in shimfiɗa a tabarma. Nan muka gano sunan mahaifina a sakamakon WAEC an rubuta shi da wani harafi, a takardar haihuwa da wani, a takardar shaidar ƙaramar hukuma kuma an sa shi a gaba maimakon baya. Ni ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Ya ce, "Ɗana, a can ba wanda ya san ka. Takarda suka sani." Na yi mako uku ina zarya tsakanin sakatariyar ƙaramar hukuma da kotu don takardar rantsuwa: yau a ce mai sa hannu ya fita, gobe a ce ka dawo da hoton fasfo biyu. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, zirga-zirgar ce da cin rai. Amma da ban yi ta a lokacin ba, da a gaban teburin tantancewa za a gano, inda babu damar cewa bari in je in dawo.

Abu na biyu, ya ce kafin in sake kashe ko kwabo in je asibiti a duba ido da kunne da jini. Na je wani asibitin ido, aka tsayar da ni mita shida daga allon haruffa, na karanta har layin da likita ya rubuta 6/6 a kowane ido. Sai ya ɗauko wani ɗan littafi mai shafuka cike da ɗigo-ɗigo masu launi, a cikin kowane da'ira an ɓoye lamba. Gwajin Ishihara kenan, wani likitan Japan ne ya ƙirƙiro shi a 1917, kuma har yau da shi ake gano wanda ba ya rarrabe ja da kore. Na karanta duka. Na yi gwajin jini na ga AA nake, ba ni da sikila. Na roƙi abokina ɗan Gwammaja, wanda muke karatu tare kuma ya fi ni ƙoƙari nesa ba kusa ba, ya zo shi ma a duba shi. Ya yi dariya ya ce shi da yake hango lambar mota daga kan gada me zai yi a asibitin ido.

Gudu nake fita kullum bayan sallar asuba, na fara da zagaye ɗaya ina haki har na kai ina yin kilomita biyar ba tsayawa. Lissafi kuma a Dawanau na gyara shi. Baba ya hana ni taɓa kalkuleta: buhu kaza a kan naira kaza, a cire kuɗin dako, a cire la'ada, nawa ya rage? In na yi jinkiri sai yaron rumfar da ko aji uku bai gama ba ya riga ni faɗa. Da dare in ɗauko tsofaffin tambayoyi in sa agogo, tambaya ɗaya minti ɗaya, in ta ƙi in tsallake ta ko raina bai so ba. Koyon tsallakewar nan ya fi koyon lissafin wuya.

A 2018 sunana ya fito, na abokina ma ya fito. Aka kira mu Kaduna gaban kwamitin zaɓe na rundunonin soja, kuma rukuni-rukuni ake kiran jihohi. Mun hau mota a Unguwa Uku da bokiti, da fararen singileti, da gajerun wanduna shuɗɗa, da farin kambas, da ainihin takardu da kwafinsu, da takardar amincewar iyaye. Daga ƙofa aka karɓe sunanka aka ba ka lamba a ƙirji, da ita za a riƙa kiranka har ka bar wurin. Kwanan farko duk a layin takardu ya ƙare. A gabana aka mayar da wani yaro gefe saboda ranar haihuwarsa ta sha bamban a takardu biyu, yana ta rantsuwa kuskuren magatakarda ne, kuma na yarda da shi, amma ba a sake ganinsa a layi ba. Sai gwajin lafiya, wanda ya ɗauki kwanaki: tsawo, nauyi, tafin ƙafa, gwiwoyi, haƙora, hoton ƙirji, jini, fitsari. Jira ya fi gwajin yawa. Kana zaune a ƙasa cikin rana, a kira lambobi, waɗanda aka kira su ɗauki bokitinsu, kuma ba ka san ko su ne suka ci gaba ko su ne za su tafi gida ba sai daga baya.

A ɗakin ido abokina yana gabana, ina jin duk abin da ake yi. Allon haruffa ya karanta shi har ƙasa kamar ruwa. Aka buɗe masa littafin nan mai ɗigo. Shafin farko ya ce 12, wanda kowa ke gani. Na gaba ya ce 3, ni daga bayansa ina ganin 8 ɓaro-ɓaro. Aka juya, ya ce 70, alhali 29 ce. Aka sake juyawa ya ce 21 da ƙarfin gwiwarsa, ga 74 a shafin. Ma'aikaciyar ba ta ce komai ba, ta yi rubutu, ta rufe littafin a hankali. Shekararsa goma sha tara a duniya bai taɓa sanin akwai abin da ba ya gani ba. Gado ne, galibi ta wajen uwa yake zuwa, ya fi kama maza, kuma ba tabarau ko magani da ke gyara shi. A aikin jirgi kuwa ba abin wasa ba ne: fitilar fiffiken hagu ja ce, ta dama kore, da su kake gane inda wani jirgi ya dosa da dare, kuma in rediyo ya mutu da fitila ja ko kore hasumiya ke gaya maka ka sauka ko ka dakata. Da yamma na raka shi har inda aka yarda in tsaya. Ya ce, "Da na bi ka asibitin nan, da shekara biyun nan na sa su a wani abu." Yanzu injiniya ne kuma Allah ya rufa masa asiri, amma har yau in na tuna fuskarsa a ƙofar nan sai ƙirjina ya yi nauyi.

Gudun kilomita 3.2 bai ba ni wuya ba saboda asubahin Kurna. Aikin rukuni ne na kusa tafka kuskure: a ba ku katako da igiya da ganga a ce ku tsallake wani wuri ba tare da taka ƙasa ba, babu shugaba. Kowa na ihu don a gan shi. Na fara ihun ni ma, sai na lura hafsoshin da ke gefe ba mai ihu suke rubutawa ba, suna kallon wanda ya saurari shawarar wani, ya riƙe igiya, ya ja na ƙarshe ya haye. A gaban kwamiti kuma aka tambaye ni dalilin da ya sa nake son sojan sama, da sunan babban hafsan sojan sama, na ce Sadique Abubakar, wanda ya riƙe muƙamin daga 2015 zuwa 2021. Aka tambaye ni wani abu game da tarihin rundunar da ban sani ba, na ce ban sani ba ranka ya daɗe. Na fito ina jin na faɗi. Bayan makonni sunana ya fito cikin waɗanda aka ɗauka.

Nan ne kuma mutane da yawa ke ruɗewa. Shiga NDA a ɓangaren sojan sama ba ya nufin ka zama matuƙi. Rundunar na buƙatar injiniyoyi, da masu kula da zirga-zirgar jirage, da masu makamai, da masu gudanarwa, kuma su ne mafiya yawa. Zaɓen matuƙa wani siraɗi ne daban da ke zuwa bayan ka yi nisa. Muna aji biyu, a Oktoban 2019, aka liƙa wa Kafayat Sanni da marigayiya Tolulope Arotile fiffike, wato bajen shaidar zama matuƙi, ɗaya matuƙiyar jirgin yaƙi mace ta farko a ƙasar nan, ɗaya ta jirgi mai saukar ungulu na yaƙi. Ina faɗar wannan ne don ƙannenmu mata da ke tambaya ko ƙofar tasu ce ita ma.

Da lokacinmu ya zo, gwajin lafiya aka sake, wanda ya fi na farko tsauri nesa. Aka sa ni cikin wani ɗan ɗaki da ba ya shigar da sauti, da abin ji a kunne, in danna maɓalli duk lokacin da na ji ƙara komai siririntarta. A nan na gode wa Allah da ban saba cusa waƙa da ƙarfi a kunne ba. Aka liƙa mini wayoyi a ƙirji don auna bugun zuciya. Aka ce in toshe hanci in hura a ga ko dodon kunnena na motsawa, domin wanda kunnensa ba ya buɗewa zai sha azaba in jirgi na saukowa. Sannan aka zaunar da ni aka auna tsawona a zaune, da tsawon cinya, da iyakar inda hannuna ke kaiwa. Kujerar jirgin yaƙi harba matuƙi take waje in hatsari ya zo, wanda cinyarsa ta yi tsawo da yawa gwiwarsa za ta daki gaban jirgin, wanda ya cika gajarta kuma ba zai kai feda ba. Wani dogo a cikinmu da ya fi kowa maki a aji, a kan wannan awon ya tsaya.

Gwajin basira shi ne wanda na fi jin tsoro, kuma shi ne na fi amfana da shiri a kansa. Kashi na farko lissafin gudu da nisa da lokaci ne da na mai, da ka, cikin daƙiƙoƙi. Dabarar da ta cece ni ita ce raba gudu da 60: jirgin da ke mil 120 a awa yana cin mil 2 a minti, mai 240 yana cin 4, saboda haka mil 36 a gudun 240 minti 9 ne, ba sai ka rubuta ba. Kashi na biyu kusurwoyi ne. Gabas 090, kudu 180, yamma 270, arewa 360. Mu da muka saba kiran alƙibla gabas sai mun gyara kanmu, domin daga Kano alƙibla wajen digiri 68 take, ta karkata arewa. In an ba ka hanyar da lambarta ba ta wuce 180 ba aka ce juya baya, ka ƙara 200 ka cire 20: 060 ya zama 240. Shi ya sa titin jirgin Kano ake kiransa 06 ta wani bakin, 24 ta ɗaya bakin, wato 060 da 240 an cire sifirin ƙarshe. Na yi watanni duk inda na tsaya ina tambayar kaina wace lamba nake fuskanta. Kashi na uku agogunan jirgi ne, musamman wanda ke nuna sama da shuɗi ƙasa da ruwan ƙasa. A nan mutane ke faɗawa rami, domin in jirgi ya karkata dama, layin da ke tsakiya hagu yake bayyana ya karkata. Ɗan jirgin da ke jikin agogon za ka kalla, ka ɗauka kai ne a cikinsa.

Sai na'ura. Kujera ce da allo a gaba, sanda a hannun dama, feda biyu a ƙafa. Wani ɗigo ne ke yawo a allon, aikinka ka riƙe shi a tsakiya, hannu na sama da ƙasa, ƙafa na hagu da dama. Minti na farko na damƙe sandar kamar mai riƙe akuyar da za ta ƙwace. Ɗigon ya yi hagu na fizgo shi da ƙarfi, ya zarce dama, na sake fizgowa, ya zarce. Gumi ya jiƙe mini baya. Sai na tuna abin da wani na gaba da mu ya gaya mini, cewa da yatsu uku ake riƙe ta, kamar alƙalamin rubutun allo. Na sassauta, na saki numfashi, na daina bin ɗigon a guje, na koma tarbarsa kaɗan-kaɗan. Ya fara zama. Ina murna kenan aka ƙara aiki: murya a kunne na karanto lambobi da za a tambaye ka daga baya, ga fitila a gefe da za ka kashe in ta canza launi. Na rasa lambobi biyu a jere, zuciyata ta ce shi kenan. Darasin 2017 ne ya dawo mini: abin da ya wuce ya wuce, kama na gaba. An gina gwajin ne yadda ba wanda zai cinye shi duka. Abin da ake nema shi ne a ga yadda kake in abubuwa sun fi ƙarfinka, da kuma ko zagaye na uku ya fi na farko kyau.

Kusan wata guda muka yi muna jira, ba wanda ke iya tambaya. Ranar da aka karanto sunayen waɗanda za su makarantar koyon tuƙi ta 401 da ke Kaduna, inda ake fara koyo da ƙananan jirage irin Super Mushshak da aka sayo daga Pakistan, lambata ce ta shida. Ban yi ihu ba, ƙafafuna ne suka mutu. Da na samu waya na kira gida, Baba ya ce alhamdulillahi sau uku ya miƙa wa Umma, ita kuma kuka ya hana ta magana. Ko a can ma gwaji bai ƙare ba, don akwai adadin awoyin da ake sa ran ka tashi kai kaɗai, kuma tashina uku na farko da amai na sauko kafin jikina ya saba.

In yaro ya zo mini yau, ba da littafi nake fara masa ba. Cewa nake ya raba abin gida biyu. Akwai wanda Allah ya riga ya yanke: ganin launi, ƙarfin ido, ji, jini, tsawo. Wannan da kuɗin da bai kai na takalmi ba za ka san matsayinka a yini ɗaya, tun kana aji huɗu na sakandare, in ya so ka karkata ƙarfinka inda zai yi amfani. Akwai kuma wanda ake samu da naci: lissafin ka, saurin karanta Turanci, gudu, daidaita hannu da ido, da jure wa kuskure ba tare da rikicewa ba. Wasan tuƙin jirgi na kwamfuta yana taimakawa in da sanda ake yi, ƙwallo da tuƙin keke ma ba a raina su. Sharuɗɗa da kuɗi na sauyawa, saboda haka sanarwar shekarar da za ka nema ita za ka karanta da idonka, ba ta bakin mai shago ba. Takardu a gyara su tun da wuri. Daren gwaji a yi barci, a karya da safe, kada a sha wani abu wai don ƙarin kuzari, jini da fitsari ba sa rufa asiri. Duk wanda kuma ya ce a kawo kuɗi yana da hanya, a ba shi amsar da Baba ya bayar.

Hutun da ya wuce ƙanena ya ce shi ma jirgi yake so. Yana aji uku. Washegari na ɗauke shi a babur zuwa asibitin idon nan, muka yanki kati muka zauna a benci kusan awa biyu. Da likita ya buɗe littafin na tsaya a bayansa, na kasa haɗiye yawu. Ya ce 12, ya ce 8, ya ce 29. Aka juya shafi ya ɗan tsaya, sannan ya ce 74. A hanyar komawa Kurna, muna jiran danja, na tambaye shi in jirgi na fuskantar 130 aka ce ya juya baya ina zai dosa. Ya yi ta ƙirga da yatsu har aka ba mu hannu, sai da muka kusa gida ya taɓa kafaɗata ya ce, "Yaya, 310 ne."